Rigimar mai gida da magini tun ranar ciniki ake shuka ta

Duk wanda ya taɓa gina ko da ɗaki ɗaya ne yana da labarin magini a bakinsa, kuma da wuya ka ji labarin ya ƙare da yabo. Wannan ya ce an karɓi kuɗinsa an yi layar zana, wancan ya ce siminti buhu ɗari ya saya amma bangon bai nuna ya sha hamsin ba, wata kuma ta ce ko shekara ba ta yi da tarewa ba rufi ya fara yoyo. Ba na musun ko ɗaya, domin akwai macuta a harkar gini kamar yadda suke a kowace sana'a. Sai dai in ka matsa kusa da magina suna hutun rana, nasu kukan daban ne: maigida ya ce a gina, an gina, ya dawo ya ce a rushe, ya yi alƙawarin kuɗi ranar Alhamis, leburori sun yi ta zuba ido har Litinin.

Abin da na fahimta daga ɓangarorin biyu shi ne, mafi yawan wannan rigima tun ranar ciniki ake shuka ta, ranar da mutum biyu suka tsaya a bakin fili, ɗaya yana nuni da yatsa, ɗaya yana gyaɗa kai, suka rabu kowa da siffar gida daban a ransa. A wannan rana kuwa mai kuɗin ne ke da wuƙa da nama. Shi ya sa nake ganin kaso mai tsoka na alhakin yana wuyansa, ko da ba zai so jin haka ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar kuɗin mai zanen gini da na injiniya a matsayin asara, wai ai magini ya san ɗaki da falo. Ya san ɗaki, amma bai san naka ba. Bai san gadonka zai tare ƙofa in an buɗe ta ta dama ba, bai san inda uwargida take son wurin wanke-wanke ba, bai san kana da niyyar ɗora bene nan da shekara goma ba, alhali wannan niyya kaɗai ta isa ta sauya zurfin harsashi da kaurin ginshiƙai tun daga ranar farko. A kan takarda, matsar da taga fensir da magogi kawai yake ci. Bayan an zuba lintal kuwa, sai an fasa kankare, an yanke rodi, an yi asarar bulo, sannan a biya ladan aiki sau biyu. Haka bututun ruwa da wayoyin wuta: in ba a san hanyarsu ba kafin filasta, ƙarshenta sai an dawo da guduma an sassare bangon da aka gama shafawa.

Manyan ayyukan duniya ma ba su tsira daga wannan ba. Shahararren gidan kiɗa da wasan kwaikwayo na birnin Sidni a Ostareliya an fara gina shi a 1959, tun zanen bai kammala ba, saboda gwamnati ta matsa a fara. Daga baya aka gano ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su ɗauki nauyin rufin ba, dole aka sake su. An ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7 da kammalawa a 1963, aka gama a 1973 bayan an kashe miliyan 102. Gwamnati tana da inda za ta nemo cikon. Ma'aikacin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ba shi da wannan gata, in lissafi ya kuɓuce masa sai dai gini ya tsaya a lintal, ciyawa ta tsiro a falo.

Daga zane ne ake fitar da jerin kayan aiki: bulo nawa, siminti buhu nawa, rodi mai wane kauri kuma guda nawa, yashi da tsakuwa mota nawa, katako, kwano, ƙusa, har fenti. Wanda ba shi da wannan jeri ba shi da abin da zai auna maganar kowa da shi. Ko da jerin a hannu, a ware aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe, domin ƙasa na iya ɓoye dutse ko ruwa, farashi kuma ba ya jiran kowa. Wannan damuwa tsohuwa ce. Vitruvius, masanin ginin Rumawa da ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wata doka a birnin Afisa, wanda kufansa ke ƙasar Turkiyya a yau. Mai tsara ginin hukuma sai ya faɗi abin da aikin zai ci, ya kuma jinginar da dukiyarsa. In kuɗin ya zo daidai, a karrama shi. In ya haura da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, baitulmali ta cika. Duk abin da ya zarce haka, daga dukiyarsa za a cire. Ina ganin adalci a wannan doka, don ta yarda cewa ƙiyasi yakan ɗan goce, ta kuma ƙi yarda a mayar da gocewar hanyar cin abinci.

Sai zaɓen maginin kansa, inda aka fi yin tuntuɓe. An kira mutum uku, biyu sun faɗi kuɗi kusa da juna, na ukun ya zaftare kusan rabi, sai maigida ya yi murna ya samu mai tausayi. Araha dai ba ta ado. Bulo ba ya rage tsada don magini yana da kirki, saboda haka rangwamen nan dole daga wani wuri zai fito, kuma wuraren da yake fitowa su ne waɗanda ido ba ya gani bayan an yi filasta.

Ɗauki kankare. Kwaɓin da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mai son rage zafi sai ya ƙara yashi, buhu mai kilo 50 ya yi aikin buhu ɗaya da rabi, launi kuma bai sauya sosai ba balle a gane. Wani ma ba sata ce a ransa ba, gajiya ce: kwaɓi mai kauri yana da wuyar juyawa da shebur, sai lebura ya ƙara bokitin ruwa don ya yi saurin gangarawa cikin katako. Ruwan da ya yi yawa yakan ƙafe ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu har abada. Abin mamaki, bayan an zuba kuma ruwan ne ake yi wa rowa. Siminti da ruwa yake haɗuwa ya yi tauri, shi ya sa ake so a riƙa shayar da sabon kankare aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Maginin da ya zuba dekin yau, jibi ya fara jibga bulo a kai, ko ya cire turakun ƙasa da wuri don zai kai su wani aiki, ya riga ya ci amanar gidan, ko da bai ɗauki buhu ɗaya ba.

Rodi ma haka. In ka leƙa cikin katako kafin a zuba dekin, ka duba ko ƙarfen yana kwance kai tsaye a kan allon. Ya kamata a ɗaga shi da ƴan ƙananan tubalan siminti, yadda kankare zai lulluɓe shi da kaurin kamar inci ɗaya, a harsashi kuma fiye da haka. In ba a yi ba, danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, sai ta tura kankaren ya fara ɓarewa daga silin bayan wasu shekaru, lokacin da maginin ya daɗe da manta sunan unguwar. Yashi kuwa gwajinsa ba wuya: a zuba shi a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashin zai kwanta ƙasa, laka ta taru a samansa. In lakar ta yi kauri, wannan yashi ba na gini ba ne. Ba sai mutum ya zama injiniya zai san waɗannan abubuwa ba, kuma maginin da ya lura maigida ya san su yakan shiga taitayinsa.

Don haka hoto a waya bai isa shaida ba, ko wane gini kyakkyawa ne ranar da aka gama fenti. Gani ya kori ji. Ka nemi ya kai ka gidan da ya gina shekara uku ko biyar da suka wuce, wanda ya sha damina da rani. Dubi kusurwar tagogi ko akwai tsaga, dubi gindin bango ko danshi ya hau ya kumbura fenti, ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana amo kamar ƙasansa fanko ne, buɗe ƙofa ka ga ko tana goga ƙasa. Sannan ka keɓe da mai gidan ba a gaban maginin ba, ka tambaye shi abu ɗaya: da ka kira shi gyara bayan ka biya shi duka, ya zo? Ni kam na fi natsuwa da maginin da ya dame ni da tambaya, ina iyakar fili, ina takardar izinin gini, ruwan sama ta ina yake bi, a kan wanda tun ban gama magana ba ya ce, "Maigida, bar min komai, ka je ka kwanta."

Na san abin da wasu za su ce game da rubuta yarjejeniya: wai alama ce ta rashin yarda, musamman in maginin ɗan'uwa ne ko aboki ne ya kawo shi. Ni a ganina a nan ne ma rubutun ya fi zama dole, domin baƙo in kun saɓa rabuwa kawai za ku yi, ɗan'uwa kuwa zumunci ne zai tafi tare da kuɗin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Mutum yakan manta, yakan kuma tuna abin da ya fi yi masa daɗi. Takarda shafi biyu ta wadatar: wane aiki ne ke cikin jingar kuma wane ne ba ya ciki, wa zai sayi kaya, wa zai biya leburori da ruwa da mai gadi, yaushe za a gama, kuma in maigida ya sauya ra'ayi a tsakiya, a rubuta sauyin da kuɗinsa kafin a ɗaga guduma.

Biyan kuɗi ya bi aiki, kada ya shige gabansa. Kafin alƙalami ya zama daidai abin da zai tayar da aikin, saura kuma mataki-mataki: an gama harsashi an duba, a biya, an kai lintal, a biya, an yi rufi, a biya. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har tsawon wata shida ko shekara bayan miƙa makulli, don in wani aibi ya fito a samu mai dawowa. Ban ga dalilin da zai hana mai ƙaramin gida yin haka ba, muddin an faɗa tun farko. Amma wannan tsari kaifi biyu gare shi. Wanda ya riƙe kuɗin magini bisa sharaɗi, wajibi ne ya biya ran da sharaɗin ya cika, ba tare da "dawo gobe" ba. Birkila da leburansa da kuɗin yini suke ciyar da iyali. In ka bar su mako guda ba biya, za su koma wani aikin, kai kuma ka zauna kana cewa sun gudu.

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar sha'ani, don ba ka san abin da ke bayan filasta ba sai an fasa. Wayar wuta da ta ƙone, bututun da ya ruɓe, katakon rufi da gara ta cinye, duk sai aiki ya yi nisa suke bayyana, shi ya sa ajiyar gefe a nan ya kamata ta kai kashi 20 cikin ɗari. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rushe bango don a faɗaɗa falo, ko ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuma shi ke ɗauke da dekin, kuma daga waje kamanninsu ɗaya.

A ranar 29 ga Yunin 1995, katafaren kantin Sampoong da ke birnin Seul na Koriya ta Kudu ya rufta, mutum 502 suka mutu. Ginin da farko an tsara shi ne a matsayin gidajen kwana mai hawa huɗu. Mai shi ya mayar da shi kanti ana tsakiyar aiki, ya sa aka cire wasu ginshiƙai don a samu wurin matakala mai tafiya da lantarki, daga baya aka ƙara hawa na biyar, aka kuma ɗora manyan na'urorin sanyaya ɗaki a kan rufin. Kamfanin da ya fara aikin ya ƙi yarda da sauye-sauyen, sai aka sallame shi aka ci gaba. Gidan mutum ɗaya bai kai wannan girma ba, amma nauyi ba ya duba girman gini, kuma waɗanda za su kwana a ƙarƙashin dekin ƴaƴansa ne. In magininka ya dafa bango ya ce, "Maigida, wannan ba zan taɓa shi ba sai injiniya ya gani," kada ka nemo wanda zai fasa maka shi da yamma. Tsayar da aikin, kira injiniya ya duba harsashi da ginshiƙai, ya rubuta abin da ginin zai iya ɗauka, sannan a ɗauko guduma.