Matasa, ba kowane ciwon zuciya ne muryar Ruhu ba

'Yan'uwana matasa na ikilisiyoyin Mokolo da Marwa da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, akwai abin da ke cin wasunmu a ɓoye. Mutum ya yi zunubi, ko yana ganin ya yi, sai ya janye jiki. Ya daina zuwa koyon waƙa, ranar Lahadi ya maƙale a bencin ƙarshe, in za a raba Jibin Ubangiji ya sulale waje. Ka tambaye shi, ya ce Ruhu ne ke hukunta shi. Anya kuwa?

Gaskiya ne aikin Ruhu Mai Tsarki ne ya faɗakar da mutum game da zunubi, Yesu ya faɗa a Yahaya 16:8. Amma in ya zo, laifin yake kira da sunansa. An ba ka ajiyar kuɗin ƙungiyar matasa, ka zari dubu biyar na sefa ka sha giyar bil-bil ranar kasuwa. Zai ce maka tashi ka gaya wa shugaba, ka biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Da zafi, da kunya, amma ka san ƙofar da za ka yi wa sallama gobe da safe. Akwai kuwa wata murya da ba ruwanta da dubu biyar. Kai take nufi ɗungurungum: ɓarawo ne kai, munafuki, Allah ya gaji da kai. Ko ka biya ba za ta yi shiru ba. Mai ita shi ne Shaiɗan, wanda Wahayin Yahaya 12:10 ya ce yana ƙarar 'yan'uwa dare da rana.

Ku dubi Bitrus da Yahuza. Dukansu sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya. Yahuza ma har ya furta laifinsa, ya mayar da azurfa 30 ɗin, manyan firistoci suka ce ina ruwansu. Ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da almajirai ba, da shi aka ruga kabari ranar Lahadi. A bakin tafki Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Abin da Bulus ke nufi ke nan a 2 Korantiyawa 7:10: akwai baƙin ciki mai kai wa ga tuba, akwai mai kai wa ga mutuwa.

Ku da kuka gangaro daga duwatsun Gwoza a 2014 kuna gudun Boko Haram, maganar ta fi nauyi a kanku. Wani har yau ba ya barci don ya gudu ya bar ƙanensa a baya. Ɗan'uwa, tsira da rai ba zunubi ba ne, babu abin tuba a ciki. Makoki ne, kuma makoki ba a yin sa kai kaɗai. Wanda kuma aka ɗora wa bindiga ya musanta bangaskiyarsa, ai Bitrus a gaban wata baranya ya fara nasa musun.

Kada dai wani ya fake da Romawa 8:1, cewa babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, ya ci gaba da yaudarar 'yar mutane yana cewa Shaiɗan ne ke damunsa. In zuciya ta ambaci sunan yarinyar da ƙaryar da ka yi mata, wannan ba Shaiɗan ba ne.

Iyayenmu dattawan ikilisiya, a yi mini gafara, da ku ma nake. Horo yana da wa'adi. Mutumin Koranti da aka hora, Bulus ya ce ya isa haka, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Yarinyar da kuka dakatar bara ta tuba a gaban jama'a. Har yanzu wa ya je gidansu ya ce mata ta dawo layin mawaƙa?