Kwana na Bakwai a Gilgal

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Babu maganar da ta fi sauƙin fita daga bakinmu kamar "Na dogara ga Allah." Muna rera ta a waƙa, muna rubuta ta a WhatsApp, muna faɗa wa wanda ya yi rashi. Ba laifi ba ne. Sai dai ranar Lahadi, cikin taron masu bi, ana waƙa kowa na tafi, dogara ba ta cin wa kowa komai. Inda ake gane ta shi ne tsakiyar mako, lokacin da ka jira har ka gaji, sai ga wata gajeriyar hanya ta buɗe a gabanka, kuma ka san sarai hanyar nan ba ta da tsarki. Abin da ka yi a wannan lokacin shi ne ainihin abin da ka gaskata game da Allah.

Ku buɗe 1 Sama'ila sura 13. Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash da karusai da mahayan dawakai da mayaƙa masu yawa kamar yashi. Isra'ilawa suka tsorata, wasu suka ɓuya a koguna da ramummuka, wasu suka haye Urdun. Sarki Saul yana Gilgal, annabi Sama'ila kuwa ya riga ya ce masa ya jira kwana 7 har ya zo ya miƙa hadaya. Ku lura da kyau, Saul bai ƙi jira ba. Ya jira kwana na farko, ya jira na biyu, ya jira har na bakwai. Amma kullum gari ya waye sai ya ga mutanensa sun ragu, har daga baya da aka ƙidaya, wajen mutum 600 kaɗai suka rage tare da shi. Da ya ga haka sai ya ce a kawo masa hadayar, ya miƙa da kansa, abin da ba a ba shi izinin yi ba. Yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila ya iso.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne uzurin Saul. Ba uzurin banza ba ne. Ya ce mutane suna watsewa, gaskiya ne. Ya ce Sama'ila ya makara, ga alama haka ne. Ya ce abokan gaba na gab da auko masa alhali bai nemi tagomashin Ubangiji ba, wannan ma magana ce irin ta mai tsoron Allah. Ya ce tilas ce ta sa shi. Da a gabanmu ya kawo wannan bayani, da yawancinmu mun gyaɗa kai mun ce ai kowa ma haka zai yi. Sama'ila kuwa ce masa ya yi ya yi wauta, mulkinsa kuma ba zai ɗore ba. A sura ta gaba, ɗansa Jonatan ya tunkari sansanin Filistiyawan nan shi da mai ɗaukar masa makamai su biyu kawai, yana cewa ba abin da zai hana Ubangiji yin ceto, ko da mutane masu yawa ko da kaɗan. Uba yana ƙirga waɗanda suka gudu, ɗa yana duban wanda bai gudu ba.

Kowannenmu yana da Gilgal ɗinsa. Ɗalibin da ya yi karatu iya ƙoƙarinsa, daren jarrabawa sai aboki ya turo masa tambayoyin da aka sato, ya ce kowa ya samu, kai kaɗai za ka zauna? Wanda ya gama makaranta shekaru, ya kai takardu ofis-ofis har takalminsa ya cinye, sai aka ce masa a gyara shekarar haihuwa ko a ƙara wata takardar da bai taɓa samu ba, aiki zai fito. 'Yar'uwar da ƙawayenta duk sun yi aure, ana yi mata tambayar da ba ta da amsarta, sai ga wani ya fito, ta san ba ya tafiya da Ubangiji, ta san abin da yake nema kafin aure, amma zuciyarta na ce mata in ta bar wannan wa ya san ko wani zai zo. Saurayin da ya iya kwamfuta, abokansa na damfarar mutane ta intanet suna canza waya da sutura, shi kuwa ko kuɗin mota yana yi masa wuya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tashi da safe da niyyar barin Allah. Dukansu jira suka yi har suka ga kamar Sama'ila ba zai zo ba.

Wannan ne ya sa nake ganin yawancin zunuban da ke kayar da matasa masu bi ba daga son mugunta suke farawa ba, daga tsoro suke farawa. Tsoron kada a bar ni a baya. Tsoron kada Allah ya manta da ni. Wanda ya yi ƙarya don ya sami aiki, kafin ya yi wa mai ɗaukar aikin ƙarya ya riga ya yarda da wata ƙarya a zuciyarsa, cewa in bai taimaki kansa ta wannan hanyar ba, ba mai taimakonsa. Ibrahim ma ya taɓa wannan. Yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawarin zuriya, shekara 10 suka wuce a Kan'ana shiru, sai shi da Saratu suka nemo wa Allah mafita ta wurin Hajaratu. Aka haifi Isma'ilu yana da 86. Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100, gidan kuma ya sha rigimar da gaggawar nan ta jawo. Sauri ya haifi nawa.

To, ta yaya ake koyon jira? Allah ya koya wa Isra'ila wannan darasi a jejin Sin, a Fitowa sura 16, kuma da ciki ya koya musu, ba da wa'azi ba. Kowace safiya manna, wato abincin da Allah ke aiko musu daga sama, na sauka, kowa ya tara awo ɗaya, abin da ake kira omer, na yini guda. Musa ya ce kada kowa ya rage don gobe. Wasu suka ƙi ji, suka ɓoye, da safe ya yi tsutsa ya yi wari. Rana ta shida kuwa aka ce su tara ninki biyu saboda Asabar, suka ajiye, bai lalace ba. Duk da haka, ranar bakwai wasu suka fita nema, ba su sami komai ba. Haka aka yi shekara 40, har suka ci amfanin ƙasar Kan'ana sannan manna ta daina sauka.

Ka tsaya ka yi tunani. Allahn da ya iya saukar da abincin yini ba zai kasa saukar da na shekara guda a lokaci ɗaya ba. Da gangan ya ƙi. Yana so kowane dare mutum ya kwanta kwanonsa wayam, ya tashi ya ga an sake cika alkawari, har zuciyarsa ta saba da cewa mai bayarwa yana nan. Shi ya sa da Yesu ya koya wa almajiransa addu'a a Matiyu sura 6, abincin yini ya ce a roƙa. A ƙarshen surar kuma ya ce kada a damu da gobe, gobe za ta damu da kanta, wahalar yau ta ishi yau. Mu kuwa so muke Allah ya shimfiɗa mana shekara goma masu zuwa mu duba, in sun yi mana sannan mu amince. Wannan ba dogara ba ce, neman tabbaci ne don kada mu bukaci dogara.

Kada wani ya ji wannan ya koma ya miƙe ƙafa. Manna ba a cikin alfarwa take sauka ba, sai an fita an tara, in rana ta yi zafi kuma ta narke, mai barcin safe ya kwana da yunwa. Nehemiya da ake barazanar kai wa masu gina garun Urushalima hari, addu'a suka yi suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ka yi karatu, ka koyi sana'a, ka kai takardar, ka je asibiti in ba ka da lafiya, ka ajiye abin da za ka iya ajiyewa. Iyakar ita ce hannunka ya yi duk abin da ke daidai, ya tsaya a inda daidai ya ƙare.

Akwai kuma wata koyarwa da nake so ku yi hattara da ita, wadda ke mai da dogara ciniki: ka ba da kaza, ka yi azumi kaza, lallai Allah zai biya ka ninki kafin wata ya ƙare. Tana da daɗin ji, amma ta kashe bangaskiyar matasa da yawa, domin ranar da abin bai zo ba sai su ce ko dai Allah ya yi ƙarya ko su ne ba su da bangaskiya. Ku duba Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel sura 3. Sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon ceton su daga tanderun wuta, sannan suka ƙara da cewa ko da ma bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko da ma" ɗin ne wa'azin ciniki ba ya iya furtawa. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Habakuk ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi farin ciki da Ubangiji. Yusufu ya guje wa matar Fotifar, ladan da ya fara gani shi ne kurkuku. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, kuma cikin waɗannan shekaru har da 2 da mai shayarwar sarki ya manta da shi ƙurmus. Ba zan yi muku alkawarin cewa wanda ya ƙi satar jarrabawa zai fi kowa maki ba. Wataƙila ya faɗi, ya sake zama. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba.

Wani abin da ke gajarta mana haƙuri a wannan zamani shi ne wayar da ke hannunmu. Kafin ka yi addu'ar safe ka riga ka ga wanda ya sayi mota, wadda aka sa wa rana, wanda ya sauka a ƙasar waje. Ba ka ga bashin da ke bayan hoton ba, ba ka ga hawayen ba, ba ka san hanyar da aka bi ba. Asaf mai zabura bai da Facebook, amma ya san ciwon. A Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya yi ƙyashin masu girmankai da ya ga suna arziki, har ya fara tunanin a banza ya tsarkake zuciyarsa. Hankalinsa bai dawo ba sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah. Shawarata mai sauƙi ce: Littafi Mai Tsarki ya riga waya shiga idonka da safe, ko da aya biyar ce. Kuma kada ka yi jiranka kai kaɗai. Ka sami ɗan'uwa ko dattijo a ikilisiya wanda za ka iya ce masa, "An kawo mini tayin kaza, kuma gaskiya zuciyata na so." Jarabar da aka faɗa da baki tana rasa rabin ƙarfinta.

In kuma kana jin bangaskiyarka ta yi ƙanƙanta, kada ka ɓoye da manyan kalmomi a addu'a. Mahaifin yaron nan a Markus sura 9 ce wa Yesu ya yi ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa bai kore shi ba, ya warkar da ɗansa.

Saura waɗanda suke karanta wannan alhali sun riga sun miƙa hadayar. Takardar ƙaryar tana cikin fayil, kuɗin mutane sun shiga asusu, dangantakar ta wuce inda ya kamata. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kuskuren Saul mafi girma shi ne da aka tsare shi sai ya shiga kare kansa, ya ɗora wa mutane laifi, ya ɗora wa Sama'ila. Dawuda ya yi abin da ya fi wannan muni a kan Uriya da matarsa, amma da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Sai dai furtawa ga Allah ba ta share hakkin mutum. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. A Matiyu sura 5 Yesu ya ce in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Saboda haka ka nemi wanda ka cuta, ka faɗa masa abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba. In kana jin tsoron zuwa kai kaɗai, ka roƙi fasto ko wani dattijo ya raka ka. In kuɗi ne kuma ba za ka iya mayarwa gaba ɗaya ba, ka faɗa masa abin da za ka riƙa kawowa da ranar da za ka fara.