Idan Na'ura Ta Yi Fatawa Da Muryar Malamin Da Ya Rasu

A shekarar 2018 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Nectome ya yi shelar zai adana ƙwaƙwalwar mutum da sinadarai, da fatan wata rana a kwashe abin da ke cikinta a zuba a kwamfuta. Sai dai dole a ɗura sinadarin tun mutum yana da sauran numfashi, kuma daga nan babu tashi. Duk da haka an samu waɗanda suka biya dala 10,000 kafin alƙalami, har surutu ya sa jami'ar MIT ta raba gari da kamfanin. A jihar Arizona kuma, cibiyar Alcor ta daɗe tana ajiye gawarwaki, wasu ma kawuna kawai, cikin tankunan da sanyinsu ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, da fatan wata rana a farfaɗo da su.

Su masanan ƙwaƙwalwa sun fi kowa sanin akwai sauran jan aiki. Tun 1986 aka gama zana taswirar jijiyoyin wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, amma har yau ba a samu kwafinta a kwamfuta da ke yin duk abin da mai rai ke yi ba. Sai a 2024 aka kammala ta ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, ƙwayoyi kusan 140,000. A shekarar ce kuma jami'ar Harvard da Google suka fitar da taswirar wani ɓarɓashin ƙwaƙwalwar mutum da bai kai ƙwayar gero ba, ya cinye gigabait miliyan 1.4. Ɗan Adam kuwa ƙwayoyi wajen biliyan 86 yake ɗauke da su a ka.

A ce ma an yi nasara. Idan aka kunna kwafinka kana zaune da ranka kana kallonsa, wane ne kai a ciki? Kama da wane ba wane ba ne. Ga Musulmi kuwa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji. Don haka wannan ɓangare ba ya hana ni barci.

Abin da ke damuna ya riga ya iso, kuma ba ya buƙatar a taɓa ƙwaƙwalwar kowa. A 2022 kamfanin Amazon ya nuna na'urarsa Alexa tana karanta wa yaro labari da muryar kakarsa da ta rasu, alhali muryar da aka ba ta ta koya ba ta cika minti ɗaya ba. To, malaminmu da ya shekara talatin yana tafsiri ana naɗa fa?

Ka tsaya a kowane shagon cajin waya a Sakkwato cikin watan azumi. Za ka ga dattijo ya zaro memori daga aljihun gaba, a naɗe cikin 'yar takarda, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Ɗana, sa mini karatun Malam na bara." Ba ya tambayar daga ina aka samo. Murya ce shaidarsa. Ranar da wani ya haɗa waɗannan karatuttuka ya sa na'ura ta amsa tambaya kan saki ko rabon gado, ko ta ce a zaɓi wane, da muryar malamin da ke kabari, wa dattijon nan zai je ya tambaya? Mai rai yakan fito ya ce ban faɗa ba.

Na san za a ce ai alheri ne, ilimi mai amfani yana cikin abin da ladarsa ba ta yankewa bayan mutuwa. Gaskiya ne, amma abin da malam ya faɗa da bakinsa ake nufi. Na'ura kintace take yi, ta harhaɗa abin da take ganin zai iya faɗa, kuma ba ta jin kunyar ƙari.

Garin Sakkwato ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, Nana Asma'u a 1864, kuma tunaninsu ya iso gare mu ta hannun masu kwafe littattafai da alƙalami da tawada. Da yawansu kan rubuta sunansu a ƙarshen littafi, su roƙi mai karatu ya yi musu addu'a, a san hannun da ya kwafa. Malami kuma yakan ba ɗalibi ijaza, a jero wa ya karanta wurin wa. Duk da wannan taka-tsantsan, masu bincike a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba sa karɓar duk abin da aka jingina wa Shehu sai sun tantance.

Irin wannan tsari muryoyi ke buƙata tun masu su na raye. Kowace makaranta ta riƙe asalin karatun malaminta, da ranar da aka yi shi da masallacin da aka yi, yadda in an ji wani abu a WhatsApp akwai inda za a je a gwada. Duk wanda ya haɗa murya da na'ura ya faɗa a farkon sautin, ya sa sunansa. Malamai kuma, da ma duk mai magana a ji, su ƙara layi ɗaya a wasiyyarsu: an yarda a sa na'ura ta yi magana da muryarsu, ko ba a yarda ba. In ba su faɗa ba, magada ne za su yi ta jayayya a kai, su da masu shagon caji.