Ejan ba ya karɓar kuɗi kafin ka samu aiki

Abin nan na damuna, matasanmu nan Katsina masu son shiga fim sun ɗauka sai ka biya manaja ko ejan tukunna zai sama maka rol. Ban ga laifinsu ba tunda ko'ina ka je kuɗin fom ake tambaya. Amma ba haka abin yake ba, ejan nemo maka aiki yake, manaja kuma shawara da tsara maka harkar, dukansu kaso suke cira bayan an biya ka, shi ya sa dole su tashi tsaye a kanka. A Amurka galibi ejan kashi 10 cikin 100 yake ɗauka, an ba ka dubu 50 nasa dubu 5 kenan. A Kannywood ma yawanci furodusa ko darakta ke ɗaukar mutum kai tsaye.