Fayilolina na kai a ceto, fomat aka yi mini

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wajen masu gyaran kwamfuta, kuma na gaji da haɗiye ta. Duk matsalar da faifan ajiya ya zo da ita, maganinsu ɗaya ne: sai an yi fomat, wato a share faifan a fara daga farko. Folda ta ƙi buɗuwa, fomat. Kwamfuta ta tsaya a tambarin farko ta ƙi wucewa, fomat. Ba bincike, ba tambaya, ko minti biyar ba za a ɗauka a duba lafiyar faifan ba. Su dai burinsu allo ya kawo haske, Windows ta tashi, a sallame su. Abin da ke cikin faifan kuwa, wanda shi ne ya hana mai shi barci har ya kinkimo na'urar ya kawo, wannan ko oho.

Ba labari aka ba ni ba, a kaina abin ya faru. Kwamfutata ta fara ne da nauyi. In na danna wata folda sai komai ya daskare, 'yar fitilar faifan ta kunnu ta ƙi mutuwa, can sai ta farfaɗo. Daga baya saƙo ya fara fitowa cewa foldar ta lalace, ba za a iya karanta ta ba. Rannan ina cikin ajiye aiki wuta ta ɗauke, batirin kuwa da ma ba ya riƙe caji, daga nan ba ta sake tashi ba. A cikinta akwai takardun aikina na shekaru, da hotunan iyali, da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na naɗa yana ba mu labarin ƙuruciyarsa.

Da na kai ta wajen mai gyara, ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "Malam, kwamfutar ba ta dame ni ba, abin da ke cikinta nake so. Don Allah kada a goge komai. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka kira ni." Ya ce, "Haba yallaɓai, ƙaramin abu ne, sa ranka a inuwa." Ranar da na koma, da fara'arsa ya tarbe ni, ya juyo allon ya ce ga ta nan ta tashi garau, har gudu ta ƙara. Na duba, wayam. Sabuwar Windows ce fil, babu folda ko ɗaya tawa. Na ce ina fayilolina? Ya ce, "Ai bairas ne ya cinye su tun kafin ka kawo."

Ƙarya ce. Sai da na matsa, na ƙi tashi daga wurin, sannan yaron da ke koyon aiki a hannunsa ya faɗa mini yadda aka yi. Ogansa ya sa wa faifan umarnin chkdsk /r, wanda Windows ke binciken faifai da gyara shi da shi, ya bar shi ya kwana yana yi. Da safe ya tarar ya maƙale a wuri guda, sai ya danne maɓallin kashewa da ƙarfin tsiya. Da aka sake dubawa, ɓangaren faifan ya koma nuna RAW. Daga nan ya share ɓangarorin duka, ya ɗora sabuwar Windows a kan wannan faifan dai. Matakai uku, kowanne ya fi na bayansa ɓarna, kuma a cikinsu babu inda ya tuna da lambar wayata da ke rubuce a takardar karɓa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, lalacewar tsarin fayil ba ta nufin fayilolin sun tafi. Faifai a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bait 512 ko 4096. Tsarin NTFS da Windows ke aiki da shi tun 1993 yana riƙe da wani babban kundi da ake kira MFT, inda kowane fayil ke da nasa shafi na kimanin kilobait ɗaya: sunansa, girmansa, ranar da aka rubuta shi, da guraben da gutsattsarinsa suke zaune. Kamar ɗakin karatu ne da kundin rajistarsa ya yage. Littattafan suna nan a kan kanta, sanin inda kowanne yake ne ya ɓace. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko aka fizge faifai ba a sallame shi ba, ko gurbin da kundin ke kai ya mutu, abin da ke faruwa ke nan. Shi kuma RAW da ya tsorata mutumin nan, ma'anarsa kawai Windows ta duba ba ta gane tsarin ba. NTFS yana ajiye kwafin gurbinsa na farko a can ƙarshen ɓangaren, domin irin wannan rana. Manhajar TestDisk, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, tana iya nemo ɓangaren da ya ɓace, ta nuna maka jerin fayilolin da sunayensu, ta ba ka dama ka kwashe su zuwa wani faifan. Kyauta ake saukar da ita. Mutumin da ya rataya allon gyaran kwamfuta a ƙofarsa, me zai hana shi sanin wannan?

Kuma tun kafin a je ga gyara, tambayar farko ita ce: me ya lalata tsarin? Faifan lafiyarsa ƙalau rubutun ne kawai ya katse, ko kuwa shi kansa faifan ne ke mutuwa? Amsar nan ba ta buƙatar duba ko hasashe, domin faifan da kansa yana ajiye rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART. Da manhajar CrystalDiskInfo ko smartctl, cikin mintuna za a karanta, kuma kowane layi na rahoton da lambarsa. Layi na 5 yana ƙirga guraben da suka mutu aka maye gurbinsu da na ajiya. Layi na 197 yana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa, suna jiran hukunci. Layi na 198 na waɗanda suka gagara ne. In kuwa layi na 199 ne ke hawa, galibi waya ko mahaɗinta ne ke da matsala, a canza waya a huta, faifan bai yi laifin komai ba. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari kan faifai fiye da 100,000, suka nuna cewa faifan da aka samu kuskuren farko a binciken samansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Wannan ilimi ya daɗe a fili, ba sirrin wani kamfani ba ne.

Da wani abokin aikina da ya san harkar ya karɓi faifan nawa daga baya, rahoton SMART ɗin ya fara buɗewa. Na tsaya a bayansa ina kallo. Layi na 5 da na 197 duk sun yi rawaya, alamar gargaɗi ta fito ɓaro-ɓaro a saman allon, ko wanda bai taɓa gyaran kwamfuta ba zai gane akwai matsala. Ya kara kunnensa a jikin faifan, ya miƙo mini na saurara: ƙas, ƙas, sai shiru, sai ya sake. Allurar karatu ce ke kai wa gurbi farmaki tana komowa hannu rabbana. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan faifan aka sa wa /r ya kwana?" Wato ba fayilolina kaɗai aka salwantar ba, sabuwar Windows ɗin ma a kan faifai mai shirin mutuwa aka ɗora mini ita, aka ce in tafi an gyara.

Mutane da yawa suna ɗaukar chkdsk a matsayin mai ceton fayil, kuma masu gyara ne suka fi yaɗa wannan fahimta. Aikinsa shi ne ya daidaita kundin, ya ga lissafi ya tafi daidai. In ya tarar da shafin da ya kasa fahimta, zai iya goge shi. In ya tarar da gutsuren da bai san mai shi ba, zai iya jefa shi cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna found.000, da sunaye irin su file0000.chk. Daga nan zai ce maka ya gama, tsarin ya daidaita, ko da rabin kayanka sun bi ruwa. A faifai mai lafiya da wuta ta katse wa rubutu, chkdsk /f, mai gyaran kundin kaɗai, yana aiki sosai, ban musa ba. Amma /r yana bin kowane gurbi ne daga farko har ƙarshe, in ya iske maras kyau ya dage a kansa, alhali faifan na juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allura na ta gurzar wurin da ya riga ya raunana. Awanni ana wannan, kuma ana rubuta canje-canje a kan kundin da shi kaɗai ne hanyar gano kayana. Sannan a zo a kashe na'urar tana tsakiyar rubutun! Alhali in aka rubuta chkdsk shi kaɗai, ba a ƙara masa komai ba, karantawa kawai yake yi ya ba da rahoto, ba ya taɓa ko bait ɗaya. A Linux ma haka e2fsck -n yake. Hanyar dubawa ba tare da ɓarna ba tana nan a gabansa, bai bi ta ba.

Ƙa'idar masu ceton bayanai kuwa sananniya ce: faifan da ake zargi ba a rubuta komai a kansa. A fara ɗaukar hotonsa gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani faifai mai lafiya, sannan duk gwajin da za a yi a yi shi a kan kwafin. Manhajar GNU ddrescue, ta Antonio Diaz Diaz, domin haka aka yi ta. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai ta gama da masu kyau sannan ta dawo ta lallaɓa sauran. Tana ajiye taswirar inda ta tsaya, ko wuta ta ɗauke sai a ci gaba daga nan. Ita ma kyauta ce. Abin da ake buƙata kawai faifai na biyu da haƙuri, kuma da ya ce in kawo faifai na biyu, da a ranar zan kawo.

Haka abokin nawa ya yi, amma bayan an riga an yi aika-aika. Fomat ɗin gaggawa shi kaɗai ba ya shafe fayiloli, sabon kundi yake shimfiɗawa. Sai dai sabuwar Windows da manhajojin da ya ɗora sun cinye gigabait sama da 20, kuma duk gurbin da aka rubuta sabon abu a kansa, tsohon ya tafi ke nan har abada, babu manhajar da za ta dawo da shi. Tsohon kundin yana cikin abin da aka danne. Sai da manhajar PhotoRec aka bi faifan ana tsintar fayiloli ta hanyar gane alamar da ke farkon kowannensu. Sun fito dubbai, babu suna, babu folda, sai harafin f da jerin lambobi. Na zauna dare bayan dare ina buɗe su ɗaya-ɗaya. Wani hoton rabinsa na sama ya fito, na ƙasa toka-toka. Wata takardar ta buɗe da shafi biyu, sauran tarkacen alamomi. Muryar mahaifina guntu ɗaya na samu, yana tsakiyar magana ta yanke. Da faifan SSD ne ma, irin wanda ba ya juyawa, da ko wannan ban samu ba, domin wani umarni da ake kira TRIM yakan sa a share guraben da aka saki jim kaɗan bayan fomat.

Na san akwai masu cewa me ya hana a ajiye kwafi tun farko. Ajiye kwafi wajibi ne, babu mai musu, amma wannan magana ba ta wanke mai gyara ba. Wanda ya zo da faifai mai ciwo ya ce a ceto masa abin da ke ciki, amana ya kawo. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, babu abin kunya a ciki. Ceton bayanai fanni ne daban da sa Windows, kuma faifan da ke ƙas-ƙas wani lokacin ma sai an buɗe shi a ɗaki na musamman maras ƙura. Da ya mayar mini da kwamfutata a mace yadda na kawo ta, wallahi da na gode masa, domin a ranar fayilolina suna nan. Shi ya kashe su da hannunsa, ya karɓi ladan aiki a kai, sannan ya ɗora wa bairas laifi. Wannan ƙaryar ta fi komai ci mini rai, domin da ita ake rufe bakin duk wanda bai san kan na'ura ba. Mutum nawa aka faɗa wa haka suka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, suka tafi gida da asarar da ba ƙaddarar faifai ce ta jawo ta ba, ganganci ne?

Da na koma na nuna masa rahoton SMART ɗin a takarda, ko kallonsa bai yi ba. Cewa ya yi ai kowa haka yake yi, kuma in ina so zai sayar mini da sabon faifai ya sa mini. Ko haƙuri bai bayar ba.

Don haka masu gyara, ku ji da kyau. Kafin ku share faifan mutum, ku kira shi, ku faɗa masa da baki cewa komai zai tafi, ku jira ya amince. Ku ajiye faifai ɗaya a shago domin ɗaukar kwafi, bai fi ƙarfinku ba. Ku koyi karanta SMART, ba ya cin awa guda. Kai kuma da za ka miƙa kwamfutarka, ka tambaye shi gaba da gaba: za ka duba lafiyar faifan kafin ka taɓa shi? Za ka ɗauki kwafinsa tukuna? In ya yi dariya ya ce ba sai an yi wannan ba, ka sa a ciro maka faifan a gabanka, ka saka shi a aljihu, ka bar masa gangar jikin ya ɗora Windows ɗinsa a kan wani.