Lauyoyinmu suna Yamai, masu neman haƙƙi suna Damagaram

Ina so in yi magana da ƙannenmu da suka karanta fannin shari'a, musamman ƴan Damagaram, domin na lura da yawansu da zarar sun kammala karatu, hankalinsu yana kan abu biyu: ofis a Yamai ko kujerar siyasa. Ban ga laifin ko ɗaya ba, amma ina ganin ana tsallake matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato shekarun da mutum zai shafe yana tsaya wa talaka a gaban alƙali.

Muna da kotun ɗaukaka ƙara a nan Zinder, amma mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar kusan kilomita 900. Manomin Mirriya ko Magariya da rikicin gona ya kai shi kotu, ko matar da dangin miji suka danne wa gadon marayunta, suna shiga ɗakin da ake yi musu shari'a da Faransanci, tafinta ne kaɗai tsakaninsu da hukuncin da zai iya raba su da abin da suka mallaka. Galibinsu ba su taɓa jin cewa gwamnati tana da hukumar ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi ba, balle su nemi taimakonta.

Ku dubi shari'ar Hadijatou Mani. Tun 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi, amma wannan baiwar Allah, wadda aka sayar tana da shekara 12, har ɗauri aka yanke mata a Ƙonni saboda ta auri wanda take so bayan an ƴanta ta. Dokar tana rubuce, ba ta dai amfane ta da komai ba sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka ɗauki maganarta zuwa kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a watan Oktoba na 2008 ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mata nawa ne ke cikin irin wannan hali a karkararmu, ba wanda ya san sunansu?

Siyasa ma tana buƙatar wanda ya saba faɗin gaskiya a inda ake jin tsoro. A 2009, lokacin tazarce, kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ƙi amincewa da ƙuri'ar raba gardamar da shugaba Tandja ya kira, aka rusa kotun saboda haka. Irin wannan ƙarfin hali a wurin aiki ake gina shi, shekara bayan shekara.

Na san aikin nan ba ya kawo kuɗi da wuri, kuma iyaye suna jiran su ga amfanin karatun da suka sha wahala a kansa. Duk da haka ina roƙon ku, ƙannena, wasunku su dawo gida su zauna. Ku shiga gidan kaso ku binciki takardun waɗanda suka daɗe a tsare ba a yi musu shari'a ba, ku nemi fili a gidajen rediyo ku bayyana wa mutane dokar gado da ta gona da Hausa, ku kuma zauna da masu unguwanni da dagatai, tunda a hannunsu yawancin rigingimu suke fara sauka kafin su kai kotu.