Jinin wa ya girgiza Fadar White House a 1965?

Wani marubuci ya ce ba don fararen fata da suka mara wa baƙaƙe baya ba, da dokar ba su 'yancin zaɓe ta 1965 ba ta tabbata a Amurka ba. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ya tsallake inda gizo ke saƙa. A watan Fabrairun shekarar ɗan sandan jihar Alabama ya harbe Jimmie Lee Jackson, baƙar fata, a garin Marion, ƙasa ta yi gum kamar an shuka dusa. Makonni kaɗan bayan nan wasu fararen fata suka lakaɗa wa James Reeb, wani farin fasto da ya zo garin Selma na jihar tallafa wa masu zanga-zangar neman 'yancin zaɓe, dukan da ya yi ajalinsa. Nan take Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya yi wa matarsa ta'aziyya ta waya, har ya ambaci kisan a jawabinsa gaban majalisa. Ba na raina sadaukarwar Reeb, ransa ya bayar. Amma ga mai cewa wai fifikon farar fata ƙirƙira ce, me ya sa sai da jinin fari ya zuba kafin kunnen gwamnati ya buɗe?